Hanyar ruwa: wasiƙa zuwa ga ɗana da ke Kano

Managil, Jazira.



Ɗana,

Ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kamar yadda muke nan lafiya, sai godiyar Allah. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ƙannenka duk suna gaishe ka. Baƙin da muka sauka daga Madani galibinsu sun koma tun da hanya ta buɗe, saura tsohuwar nan da jikokinta biyu, su ne a ɗakinka har yanzu.

Kai ne ɗan fari, ka kuwa san yadda aka tashe mu. Bakina bai taɓa kama sunanka ba, ban kuma saba zaunar da kai mu yi doguwar hira ido cikin ido ba. Shi ya sa daren da ka kira ka yi mini tambayar nan, na ce maka "Allah ya kyauta", na miƙa wa mahaifiyarka wayar. Kada ka ɗauka raina tambayar na yi, nauyi ta yi mini. Ka ce tun kana ƙarami a nan Jazira ake ce maka Fallata, baƙo, ɗan Najeriya. Yau ga ka a Kano, da ka buɗe baki sai a ji Larabci yana leƙowa daga cikin Hausarka, har abokan karatunka sun laƙaba maka "ɗan Sudan". Ka ce, "Baba, to ni ina ne garinmu?"

Kwana uku na yi ina juya maganar a raina. Daga baya na ga abin da kunya ta hana baki ya faɗa, alƙalami zai iya ɗauka. Kuma ba kai kaɗai ke da wannan tambaya ba. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya watsa tsararrakinka Masar da Saudiyya da Chadi da Habasha da Najeriya, kowa da irin taka a ƙirjinsa. Don haka na bar wasiƙar a buɗe, duk wanda za ta yi wa amfani ya karanta.

Amsata tana cikin wani yini guda da muka yi tare a dajin Dindir. Shekararka 14 a lokacin. Na san kana tuna ɓauna da sawun zaki, amma ina so in tuna maka sauran, domin abin da yaro ya gani daban, abin da uba ya gani daban.

Ƙarshen watan Maris ne, ka gama jarrabawar aji takwas, an gama tsinkar auduga, alkama ta isa yanka. Ni kuwa na haura shekara 20 ina koyar da labarin ƙasa. Kowace shekara sai in tsaya gaban allo in faɗa wa yara cewa an keɓe gandun dajin Dindir a 1935, zamanin Turawan Ingila. In ce faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 10,000, ya taɓa jihohin Sinnar da Gadarif da Shuɗin Nilu, yana jingine da iyakar Habasha. In ce hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren da duniya ke adanawa a 1979, a 2005 kuma aka shigar da shi yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamu. Yara su haddace, su rubuta, in ba su maki, alhali ni mai faɗar ban taɓa sa ƙafata a ciki ba. Wani tsohon ɗalibina, ɗan unguwarmu da ya shiga aikin 'yan sandan kula da namun daji, shi ya zo hutu ya same ni a ƙofar gida. Ya ce, "Ustaz, kai ka koya mini sunan wurin nan, bai kamata in fi ka saninsa ba. Ka zo kafin ruwa ya sauka, ka taho da yaron."

Muka hau mota zuwa Madani, muka gangara Sinnar. Na tsayar da kai a kan madatsar ruwan da aka gama a 1925, na nuna maka inda manyan magudanai biyu suka fita, ta Jazira da ta Managil, na ce maka duk ɗigon da ke shiga hawasha, wato gonar da muke nomawa, daga nan ya taso. Muka kwana Mai Wurno gidan gwaggonka. Bayan magariba na zaga gari da kai, ina ba ka labarin Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, wanda ya ƙi zama ƙarƙashin Nasara ya yi hijira gabas, aka kashe shi a Burmi a watan Yulin 1903, da ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno, wanda ya ja ragowar jama'a har bakin Shuɗin Nilu, garin ya ci sunansa. Washegari muka bi ta Sinja, muka ƙetare kogi zuwa garin Dindir, aka yanka mana takardar izini. Daga nan sai bayan motar boksi da ƙura, awa bayan awa, har muka isa sansanin Galagu rana tana faɗuwa, gashin girarka ya yi fari fat.

Da muka idar da sallar asuba muka sha shayi, ɗalibin nawa ya rataya bindiga ya ba mu doka. "Ku bi bayana ɗaya bayan ɗaya. In na tsaya ku tsaya. Ko me kuka gani kada ku gudu. Kada ku ɗauki komai, kada ku yar da komai." Yaron da na taɓa tsawata wa a aji, ga shi yau ni ke cewa "to". Kana tsakiya, ina baya. Baƙar laka ta tsattsage, wata tsagar za ta haɗiye ƙafar yaro har idon sawu. Ramukan da kofaton ɓauna suka bari tun ƙasa tana ɗanya sun bushe sun yi tauri kamar bakin tukunya, dole mutum ya riƙa duban inda zai taka. Zabin daji suka tashi gabanmu fuu, ka zabura ka damƙi rigata. Wannan ne karo na farko da ka riƙe ni tun da ka yi wayo.

Mutanen can suna ce wa tafkunan dajin "maya". Kafin mu isa na farko, ya tsuguna ya zana mana yadda suke samuwa da tsinke a ƙasa. Kogin Dindir daga tsaunukan Habasha yake gangarowa. Da ya sauko fili sai ya rasa gangara, ya shiga lanƙwasa kamar maciji a rairayi. Shekarar da ruwa ya yi ƙarfi sai ya fasa wuyan wata lanƙwasa ya miƙe, ya bar tsohuwar hanyarsa gefe guda, siffarta kamar jinjirin wata. Wannan tsohuwar hanya ita ce maya. Kowace damina in kogi ya cika ya tumbatsa, ruwa yana bin wata 'yar hanya ya shiga ya cika ta. Bayan damina kogin kansa yana tsayawa, ya koma yashi da 'yan kududdufai, amma maya tana riƙe ruwa da ɗanyar ciyawa har tsakiyar bazara. Sun kai kusan 40 a cikin gandun. Ya ce, "Ustaz, in ka cire su, dajin nan fili ne kawai. Duk wani mai rai da za ku gani yau, su yake dogara."

Muka iso mayar Abdulgani, wadda ba ta da nisa da sansani, rana tana ɓullowa. Ka tuna yadda muka fito daga cikin busasshiyar ciyawa da itatuwan dushe masu jan jiki, kwatsam sai ga kore shar a gabanmu? Hazo yana kwance a kan ruwa. Dabbobi sun bazu suna kiwo, ba mai tsoron kowa. Ya fara nuna mana su da leɓe yana raɗa sunayensu da Larabci. Ya ce, "Bashmat." Na dubi dabbar, ja-ja, da 'yan ƙahoni masu lanƙwasa gaba, ta yi wani fito ta hanci ta kwanta cikin ciyawar bakin ruwa. Kafin in yi tunani bakina ya ce, "Kwanta-rafi." Ya nuna wata babba mai kaurin gashi a wuya, ya ce, "Katambur." Na ce, "Gwambaza." Ya ce, "Halluf." Na ce, "Gadu, mugun dawa." Ya ce, "Abu uruf." Na ce, "Gwanki." Muka shiga yi kamar masu kacici-kacici. Ga batsiya, ga mazo a inuwar kurmi, ga jimina can nesa tana miƙa wuya. A kan ruwa ga dinya da kirinjijiya, ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya, ga balbela tana bin sawun manya.

Ka waiwayo ka ce, "Baba, ina ka san su?" A lokacin cewa na yi ka yi shiru kada su gudu. Yau zan ba ka amsa. Daga bakin kakana na san su. Mutumin fadamar Haɗeja ne, masunci kuma maharbi. Ya bar gida a ƙafa da niyyar hajji, ya bi ta Chadi da Darfur da Kurdufan, yana tsayawa yana ƙwadago, ya tsinki auduga a Jazira ya tara kuɗin jirgi, ya ƙetare ta Sawakin ya sauke farali, ya dawo ya zauna nan. Ɗansa, wato kakanka, shi ya matso Managil lokacin da aka faɗaɗa aikin ban-ruwa zuwa nan a ƙarshen shekarun 1950. Ina yaro tsohon yakan zaunar da mu da dare ya siffanta mana namun dawa ɗaya bayan ɗaya, da tafiyar kowanne da kukansa da inda yake kwana. A Managil ba mu da abin gani sai jaki da akuya da auduga, na ɗauka duk tatsuniya ce. Ashe ajiya ya ba ni. Na yi shekara 40 ina ɗauke da sunaye ba tare da masu sunan ba, sai ranar nan suka haɗu a bakin ruwa.

Da na ɗaga kai na dubi itatuwa, haka abin yake. Abin da suke ce wa hijlij aduwa ce, dom goriba ce, sidir magarya ce, aradeb tsamiya ce, sunut bagaruwa ce, jummez ɓaure ne. Babu itace ɗaya da na rasa sunansa da harshen uwata. A ajina na sha zana wa yara wannan shimfiɗar ƙasa da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Barno da Chadi har gindin tsaunukan Habasha, damina ɗaya, rani ɗaya, gero da dawa ɗaya. Ranar nan na gan ta da idona, gani kuwa ya kori ji. Harshen da ake ce maka na baƙi ne ya san dajin nan itace da itace, dabba da dabba.

Da hantsi muka sauka cikin kogin. Yashi fari, faɗinsa ya isa a yi kasuwa, goriba ta yi layi a gaɓa, gwaggon biri sun cika rassa suna tsawa. Ka ce kana jin ƙishi, ka kai hannu ga gora. Ya ce ka dakata. Ya zaɓi wani wuri a lanƙwasar kogi, ya durƙusa ya shiga tono da hannu. Kamu ɗaya yashi ya yi sanyi, kamu biyu ya yi duhu, kafin ya kai gwiwar hannu ruwa ya fara tsattsafowa. Ya kwashe na farko mai gurɓata ya zubar, muka jira ya kwanta, ka sa tafi ka sha. Ka ce, "Ashe kogin bai mutu ba." Ya ce, "Ɓuya ya yi." A gefen ramin nan ne ka ga sawun zaki, sabo, gefensa bai ko zube ba. Ka buɗe tafin hannunka ka ɗora a ciki bai cika shi ba. Zuciyata ta buga, amma na ga ɗalibina ya dubi inda sawun ya nufa, ya dubi birai suna cin abincinsu hankali kwance, ya ce mu ci gaba.

A mayar Garirisa muka tarar da ɓauna. Muka zauna bayan wata suri, iska tana busowa daga wajensu zuwa wajenmu, muka kusa awa guda ba mu motsa ba. Garken ya sauko baƙi ƙirin, manyan mata gaba, 'yan maruƙa a tsakiya, tsofaffin maza a gefe suna shinshina iska. Suna sha, kwanta-rafi suka ja baya suka jira. Da suka koma inuwa, sai gadu ya zo da iyalinsa wutsiya a tsaye, suka durƙusa suka sha suka yi birgima a taɓo. Bayansu gwambaza, bayansu zabi. Ruwa kaɗan ne, masu sha da yawa, kowa kuma ya samu. Na tuna rigimar da ake yi a bakin abu ishirin, ƙaramar magudanar da ke shayar da gonakinmu, ranar da aka sako ruwa, maƙwabci ya fasa wa maƙwabci kunya da dare, har a kai ga sanda. Ban ce komai ba, amma na ga kai ma ka yi shiru irin na mai tunani.

Rana ta take, muka fake gindin wata tsamiya. Muka yi azahar, muka buɗe ƙunshin da gwaggonka ta yi mana, kisra da agashe da dabino. A nan ne ɗalibina ya ba mu labarin da ya sa na rubuto maka wannan takarda. Ya ce wata shekara suna sintiri suka kama wani dattijo ya shimfiɗa koma a cikin maya, ya tara tarwaɗa yana shanyawa. Dattijon yana tattara kayansa yana gunaguni da Hausa, bai san akwai mai ji ba. Sai ɗalibina ya ce masa, "Baba, sannu da aiki." Tsohon ya saki igiya ya zuba masa ido. Ya ce, "Ɗana, ashe kai namu ne? To ka dubi Allah ka bar ni, yara na bari ba abinci." Ya ce ya daɗe yana tsaye kafin ya iya magana. Sannan ya ce, "Baba, da a ce dajin nan na wasu ne, da na kau da kai. Don namu ne shi ya sa ba zan bar ka ba." Ya karɓi komar kamar yadda doka ta ce, ya ba tsohon guzurinsa na kwana biyu, ya raka shi har bakin iyaka. Ya ce daren nan bai runtsa ba.

Kada ka yi saurin ganin laifin tsohon, kada kuma ka ga na makiyayan da ke kutsawa da shanu. Tun da noman tarakta ya bazu a filayen Gadarif da Sinnar da Shuɗin Nilu, ya cinye makiyaya da burtali, ya kuma toshe filayen da namun daji ke fita zuwa gare su da damina in laka ta hana su zama. Raƙumin dawa ya ƙare a Dindir tun shekarun 1980, karkanda da dorina kuwa tun kafin nan. Da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011, makiyaya da yawa suka rasa wuraren da suke kai dabbobi da rani, suka dawo suka matsu a gefen gandun. Mai neman zuma yana sa wuta, mai gawayi yana sara, mai kaba yana yanka. Kowa da uzurinsa, galibi kuma uzurin gaskiya ne, yunwa ce. Amma in kowa ya ɗebi nasa da uzuri, jikan kowa zai tashi ya tarar da fili. Namu suna cikin masu ɗiba, ba zan ɓoye maka ba. Namu kuma suna cikin masu gadi.

Da rana ta ɗan yi sanyi ya ce zai nuna mana wani wuri da ba a kai baƙi. Muka yi tafiya mai ɗan nisa muka fito wani fili mai siffar jinjirin wata, kamar sauran, sai dai babu ko ɗigo. Ciyawar da dabba ba ta ci ta rufe shi, 'yan itatuwan ƙaya sun fara tsirowa a tsakiya. Ba tsuntsu, ba sawu, shiru kamar maƙabarta. Ya ce manyansa a aiki sun san wurin da ruwa har Afrilu. Ya ja mu zuwa bakin 'yar hanyar da ke kawo masa ruwa daga kogi, ta cike ta yi daidai da gaɓa. Na tsuguna na ɗebi ƙasar na murza a tafina. Ɗana, na san ta. Laushinta da launinta da ƙanshinta, ita ce nake kwashewa da shebur daga abu ishirin ɗinmu kowace shekara, kai kana riƙe mini kwando. Ƙasar tsaunukan Habasha ce da ruwa ke wankowa, musamman inda aka sare itatuwa aka nome gangare. Ita ke cika magudanan Jazira har ruwa ya kasa kai wa na ƙarshen layi, ita ce kuma ta shaƙe wannan tafki. Shekara ɗaya yatsa ɗaya, ba wanda ya lura, har ranar da kogi ya cika ya zo bakin ƙofa ya kasa shiga.

Na tambaye shi ko akwai magani. Ya yi murmushi ya ce, "Ustaz, kai manomi ne, ka fi ni sani. Yasa." Ya ce akwai mayoyin da aka kawo injin aka buɗe musu hanya, daminar da ta biyo suka cika, ciyawa ta dawo, dabbobi suka biyo ta. Tafkin bai rasa komai ba sai mai buɗe masa ƙofa.

Da la'asar mota ta zo ta kai mu mayar Ras Amir, don ta yi wa ƙafa nisa. Ruwan ya ja ya bar taɓo mai faɗi, tarwaɗa sun taru a ɗan abin da ya rage suna motsi kamar tukunya na tafasa. Kwasakwasa sun yi sahu suna kora kifi gaba, borin-tunke suna tsaye a gefe kamar dattawa a wurin rabon gado. Rana ta faɗi ja wur bayan goriba. Muka yi alwala muka yi magariba a bakin ruwa, ɗalibina yana gadi, sannan shi ma ya yi tasa muna gadinsa. A hanyar komawa ka yi barci a kafaɗata. Can nesa wajen kudu na hango wuta tana cin daji, jan layi a cikin duhu. Ban tashe ka ba.

To ga amsar tambayarka. Baƙo yana shan ruwa ya wuce, ɗan gari ke yasar rijiya. Garinku shi ne inda in hanyar ruwa ta toshe, zuciyarka ba za ta bar ka ka wuce ba sai ka nemi shebur. Kakanninka sun haƙa magudanan Jazira, sun tsinki audugarta, sun binne iyayensu a ƙasarta. Ni na yashe abu ishirin shekara da shekaru, na koyar da 'ya'yan Larabawa da na Hausawa da na Fur a aji ɗaya. Ɗalibina ya hana idonsa barci saboda wani tafki a iyakar Habasha. Wanda ya ce maka kai baƙo ne a nan, bakinsa ne, amma kai kada ka taɓa faɗa wa kanka haka.

Ba ina ce maka wannan zai kare ka daga sharrin mutane ba. Ka girma, ka ga rikicin da ya rutsa da mutanenmu a watan Yulin 2022 a Rusairis da Damazin da ƙauyukansu, aka sake a Wad al-Mahi a watan Oktoba, a kan maganar ƙasa da sarauta. An rasa rayuka masu yawa, dubbai suka bar gidajen da aka haife su a ciki. Ka ga Madani ta faɗi a Disamban 2023, yaƙi ya kai Sinja da garin Dindir a tsakiyar 2024, hanyar nan da muka bi muna cin gyaɗa a bayan mota ta zama hanyar masu gudun hijira. Don haka ka adana takardunka, ka riƙe lambarka ta ɗan ƙasa kamar ƙwayar idonka, ka nemi haƙƙinka ta hanyar doka ba tare da sunkuyar da kai ba. Sai dai takarda hukuma take gamsarwa. Tambayar da ke hana ka barci, aikin hannunka ne zai amsa ta.

Kano kuma kada ka ji haushin masu ce maka ɗan Sudan. Gaskiya suka faɗa, ka amsa da fara'a. Ka gyara Hausarka a bakinsu, ka bar Larabcinka a inda yake, duka biyun gadonka ne. In ka samu hutu ina so ka yi mini aike. Ka je Haɗeja, ka wuce Nguru, ka ga fadamar da kakana ya baro. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da ita ta ragu, kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, masunta da manoma suna fama. Za ka ga ciwo ɗaya ne da na Dindir. Ka tsuguna ka murza ƙasar a tafinka, ka tambayi tsofaffi sunayen tsuntsaye, ka rubuto mini. In hali ya yi ka leƙa Yankari a Bauci, ka ga giwa, ka yi wanka a Wikki. Idan ka tarar ana gayyar yasa a wani ƙauye, ka tuɓe riga ka shiga. Ranar nan ba wanda zai tambaye ka daga ina kake.

Ka san shamuwa, wadda maƙwabtanmu ke ce wa simbiriya. Da rani tana can kudu mai nisa, da ƙamshin damina ya taso sai ga ta ta dawo kan itacen da ta bari, a Managil ko a Haɗeja, ta gyara tsohuwar sheƙarta kara bayan kara. Ba mai jifanta, yara ma murna suke yi. Bana biyu sun sauka a kan bagaruwar bayan gidanmu, mahaifiyarka ta tsaya ta daɗe tana kallonsu, na san kuma wa take tunawa.

Ka yi karatunka da kyau, kada ka yi gaggawa. Amma ka sani autarmu bana ta cika 14, ta gaji da jin labarin sawun zaki a bakin yayyenta. Gwiwoyina sun fara ba ni labari, ba lallai in iya zagayen da muka yi ba. In Allah ya zaunar da ƙasa lafiya ya dawo mana da kai, za mu sake bin hanyar Sinnar mu kwana Mai Wurno. Wannan karon kai za ka shiga gaba bayan mai bindiga, ka riƙe hannunta, ka faɗa mata sunayen da harsuna biyu. Ni zan biyo ku a hankali. Shebur ɗin nan yana bayan ƙofa inda ka bar shi, na sa masa sabuwar ƙota.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare ka, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Wassalam.

Mahaifinka.